Bargunan Hedvika

A makon da Jamusawa suka gudu, gadar Brodek ta ga abin mamaki. Sojan Rasha suka ɓullo ta gabas, na Amurka ta yamma, suka haɗu a tsakiyarta suna rungumar juna, wannan ya miƙa taba, wancan ya miƙa kwalba. Mutanen gari suka yi ta tafi. Hedvika ma ta tafa, amma a ranta cewa ta yi ƙaunar da ta zo da gudu haka, da gudu za ta koma.

Ba a rufa wata biyu ba kuwa aka shiga kallon hadarin kaji. Kowa ya kafa shinge a bakin gadar ta ɓangarensa, aka ce ba mai haye kogi sai da izini. Gidan Hedvika na gabas, wajen Rashawa. 'Yarta tilo, Zdenka, tana aure a yamma, ga cikin fari ya tsufa. Ba abin da Hedvika ke nema a duniya illa ranar naƙuda ta same ta a ɗakin 'yarta.

Kowace safiya takan rataya bargunanta masu cushe da gashin tsuntsun dinya a tagar bene su sha iska, yadda uwarta da kakarta suka yi. Uku ne: ja, shuɗi da fari. In da hadari ba ta fitarwa, don gashi ba ya son laima. A Brodek, matar da aka ga tagarta wayam da safe, ko dai tana kwance rai a hannun Allah, ko kuwa ƙazama ce. Tagar Hedvika kuwa kogi take kallo.

Da ta je neman izini wurin Laftanar Zubov, hafsan Rashawa, har kujera ya ba ta, abin da ya sa gabanta ya faɗi.

"Iya, ranar Talata jan ne a tsakiya," in ji shi. "Laraba shuɗin. Alhamis babu ko ɗaya, kuma ranar ce motocin Amurkawa suka bar bakin kogi."

"Ranka ya daɗe, Alhamis ai hadari aka tashi da shi."

"Wa ke gaya miki wanda za ki fara ratayawa?"

"Wanda hannuna ya fara kaiwa gare shi mana. Bargo ne fa, ɗana."

Zubov ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Ruwa ba ya tsami banza, Iya. Ki bar tagar nan a rufe mako guda, sai mu ga zancen izini."

Ta daure safiya biyu. A ta biyun, a layin burodi, maƙwabciyarta Otilie ta dube ta sama da ƙasa ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ke Hedvika, lafiya kuwa? Ko kiwon ƙuma kika fara, kina tsoron iska ta kwashe miki jari?"

Mata suka kwashe da dariya. Hedvika ta so ta ce hafsan Rasha ne ya hana, sai ta tuna ba ta san wanda Otilie ke kai wa labari ba. A kwanakin nan ba wanda ya san na kowa. Ta haɗiye maganar ta koma gida, ranta na ƙuna. Ta jure mulkin Jamusawa ba a taɓa kiran ta ƙazama ba, sai yau da aka ce an 'yanta su?

Washegari ta ce guda ɗaya dai ba zai kashe kowa ba. Ta rataya farin, ta bar shi gwargwadon tafasar ruwan kofi, ta janye.

Kafin hantsi ya dubi ludayi sai ga soja da takardar izini. Farin ciki ya hana ta tambayar dalili. Ta ɗaure kajin da ta soya da tsummokaran jariri a kwando, ta nufi gada. Sai da ta kai tsakiya ta waiwaya, ta ga Zubov tsaye a bakin shingensa yana bin ta da ido, yana jiran ya ga wanda zai tarbe ta a wancan ɓangaren.

A shingen Amurkawa wani saje ya karɓi takardar. Iyayensa 'yan ƙasar nan ne, yana jin yaren. Ya kai wa hafsansu, suka yi ƙus-ƙus, ya dawo yana sosa ƙeya.

"Inna, ki yi haƙuri, an ce ki koma."

"In koma ina? 'Yata ce za ta haihu!"

"Ogana ya ce ke ce mai taga. Kwana biyu shiru, yau fari guda, sai ga ki da izinin da Rashawa ba sa ba kowa. Ya ce biri ya yi kama da mutum." Ya sassauta murya. "Wallahi uwata ma haka take shanya nata. Na gaya masa. Yanzu ni ma kallona yake."

Can bayan shingen sai ta hango surukinta Vilem ya taho a guje, ba ko hula.

"Inna! Tun asuba ta fara! Sunanki take ta kira!"

Hedvika ta yunƙura, aka gitta mata bindiga. Ta roƙa, ta yi kuka, har ta ce su riƙe kwandon su bar ta ta wuce hannu rabbana. Jin haka suka zazzage kwandon, suka yayyaga kajin suna duba ciki.

Ba ta koma ba. Ta san in ta koma, Zubov zai tambaye ta abin da aka faɗa mata, kuma duk amsar da ta bayar ba zai yarda ba. Gaba kura, baya sayaki. Ta zauna a tsakiyar gada, rana ta dake ta har ta karkata, ba abin da take ji sai ƙarar ruwa. Baƙin ciki irin na ranar ba ta taɓa ɗanɗana ba, ko ran da aka binne mijinta.

Da la'asar Vilem ya dawo, ya kama shingen da hannu biyu.

"Mace ce, Inna! Da ƙyar aka sha, amma suna raye! Zdenka na taga, ta ce ki ɗaga mata hannu ta gan ki!"

Hedvika ta miƙe. Can nesa, a tagar wani gida, ta hango 'yarta a jingine, an tallafe ta. Hannunta ya fara tashi da kansa. Sai ta ga hafsan Amurka ya daina magana ya zuba wa hannun ido, ta waiga, Zubov ma hannun yake kallo. In ta ɗaga, gobe tagar Zdenka za su fara gadi.

Ta mayar da hannun ƙarƙashin mayafinta, ta danne shi da ɗayan.