Tausayin Datti

Datti na cikin ƙulle dabaibayi a ƙafafun dukushin nan Akawali ya ji tsayawar motar likita a bakin barga. Bai ko yi yunƙurin ɓoye igiyar ba, don shi a ganinsa abin yabo yake yi.

Kwana bakwai ke nan da Dokta Perpetual ta yi wa dukushin aiki. Jijiyar ƙafarsa ta gaba ce ta gajarce, yana taka bakin kofato kamar mai sanɗa. Jijiyar ce likitar ta yanke don ta sake haɗewa da tsawo. Mai gonar nan ta Paikon Kore kuwa ya riga ya yanke hukunci: in ƙafar ba ta miƙe ba, masu yanka za a kira.

Likita ta ce a riƙa zagayawa da shi safe da yamma. Datti ya ce to. Ran farko ya ja shi taku uku, ya ga jikin dabbar na ɓari, sai zuciyarsa ta karye. Shekara talatin yana kiwon dawaki, kuma gidansu gidan ɗori ne, inda kowa ya san ciwon ƙafa kwanciya yake so. Yarinyar da aka haifa jiya ce za ta koya masa? Ya ɗaure abinsa a turke, yana ba shi dusa a tafin hannu.

Yanzu da likitar ta shigo, ta durƙusa ta kwance bandeji, ta daɗe tana latsa wurin.

"Baba, wannan doki ba ta tafiya, ko?" ta tambaya da gurguwar Hausarta.

"Hutawa yake, likita. Ai ciwo ne da shi."

"Wayyo, Baba! Jijiya yana haɗewa yanzu yanzu. In ya tsaya wuri ɗaya, zai haɗe gajere kamar da. Aikin duka ya zama banza."

Datti ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Ashe da hannunsa yake miƙa Akawali ga wuƙa, yana ce masa sannu.

"An makara?" ya tambaya, muryarsa ƙasa ƙasa.

"Saura kaɗan. Amma sai ya taka, ko yana kuka."

"To ki ja shi ke, 'yata. Wallahi ba zan iya kallon idonsa ba."

"Ni sau ɗaya nake zuwa a sati. Kai ne kake nan."

Datti ya sunkuya ya kwance ƙullin da ya gama yi, ya saka wa dukushin ragama. Akawali ya turje, ya tura hancinsa cikin hammatar tsohon kamar yadda ya saba.

"Ka yafe mini, ɗan nan," in ji Datti.

Ya juya masa baya, ya saɓa igiyar a kafaɗa, ya ja. Ya ji nishi, sannan ya ji kofato ya sauka. Hawaye na bin gemunsa, amma bai waiwaya ba, don ya san in ya waiwaya tsayawa zai yi.