Wankan Takwara

Wankan jegon 'yarta Walida ne ya kawo Hajiya Azumi unguwar Setapak, can ƙasar masu jin Malayanci, kuma alhamdu lillahi zaman ya yi mata daɗi. Jariri lafiya lau, ruwan zafi daga famfo ba sai an hura wuta ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Babbar jikarta, wadda ta ci sunanta ake sakaya shi da Afnan, ba ta taɓa ce mata uffan da Hausa ba. In ta tsokane ta da mummunar takwara, 'yar nema sai ta noƙe kafaɗa ta ce "tak nak", wato ba ta so, ta gudu bayan kujera. Ga arba'in na ƙaratowa, daga nan kuwa sai Kano.

Mijin Walida, Sirajo, karatun harsuna yake yi, irin mutanen nan da in suka kama kalma sai sun ga kakanninta. Rannan ya hango curin sabulun salo da Hajiya ta zo da shi, ya hau yi wa matarsa bayani daga bakin ƙofa, don surukuta ta hana shi shiga. Wai Faransawa savon, Italiyawa sapone, Sifaniyawa jabón, mutanen garin nan sabun, mu sabulu, duk gida ɗaya ne. Wai Rumawa ne suka aro sunan wurin wasu ƙabilun arewacinsu masu kwaɓa kitse da toka suna shafa wa gashi.

Hajiya ta ce a ranta, oh ni Azumi, kalma ma ta ƙetare teku ta yi dangi, ni ce zan kasa ƙetare falo?

Ba lallashi ba komai, ta sunkuci yarinyar sai banɗaki, ta hau cuɗa mata kai da sabulun, irin wankan da ta yi wa uwarta. Kumfa ta gangaro ido. Afnan ta yi ihu da Malayanci, ta yi da Turanci, tsohuwa ba ta gane ko ɗaya ba, cuɗa kawai take.

"Kaka, idona! Zafi!"

Hajiya ta yi maza ta sheƙa mata ruwa. Daɗi ya kashe ta, tana dariya hawaye na zuba. Ashe ja'irar tana ji, rowar bakin take yi.

Afnan ta leƙo daga cikin tawul, ido jajur, ta zumɓuro baki.

"Ba na son ki."

"Na ji, takwara," in ji Hajiya. "Ƙara faɗa."