Takardar Atika

Malama Safiyatu tana leƙe ta tagar aji shida lokacin da jami'in da aka turo daga ofishin ilimi ya fizge takardar Atika.

Ranar jarrabawar shiga sakandare ce, a wata firamare da ke bayan masana'antun Sharaɗa. An hana malaman makarantar shiga, amma ita ta ga komai. Sauda, wadda ke zaune kusa da Atika, tun da aka raba takardu ta kifa kai a tebur tana kuka. Shekaranjiya injin masaƙa ya datse hannun babanta. Atika ta ajiye fensir, ta riƙe yatsunta, ta yi ta yi mata raɗa har kukan ya lafa. Raɗar nan ita jami'in ya gani.

"Satar amsa! Fita!"

Safiyatu ta tare shi a bakin ƙofa. "Yallaɓai, wallahi lallashin Sauda take yi. Shekara uku ina koyar da yarinyar nan. Ita ke gane wanda ya zo bai karya ba, ita ke kashe faɗa tun ban ji ba. Bana ne ma karatun ya fara zama mata."

"Malama, fom ɗin rahoton nan gurbi biyu gare shi: ta yi magana, ko ba ta yi ba. Ta yi?"

Safiyatu ta juya ta bar ƙofar.

Ta ruga ofishin hedimasta, Malam Gwadabe. Ya zare tabarau ya murza ido. "In na sa baki, soke sakamakon ajin za su yi gaba ɗaya. Yara arba'in da biyu. Ke za ki ɗauka?"

"Baban Atika ya ce in ba ta ci bana ba, za ta bi uwarta sayar da abinci a ƙofar kamfani."

"Na sani."

Ta sami Atika zaune a gindin darbejiya, fensir a hannu. Jiniyar canjin aiki ta kaɗa daga masana'anta. Safiyatu ta tsaya a kanta.

"Malama, Sauda ta ci gaba da rubutu?"

"Ta ci gaba."

Yarinyar ta gyaɗa kai. Can ta ƙura mata ido, ta matsa gefe, ta share mata wuri a kan saiwar bishiyar.

"Ku zauna, Malama. Tun safe kuke tsaye."

Safiyatu ta zauna. Daga cikin aji jami'in ya ɗaga murya: "Saura minti ashirin."