Ƙasar Bayan Ɗaki

Saura kwana goma Hajiya Barira ta baro Alƙahira hoton nan ya faɗo wayarta, ya ɓata mata hutun wata guda cur. Tana zaune a cikin wani jirgin ruwa mai rumfa a kan kogin Nilu, 'yarta Zulfa na ta tura mata wani abu mai zaƙin tsiya a ƙaramin faranti, mijin Zulfar, Haris, na nuna mata dogayen benaye da yatsa. Usaini, ƙanin Barira, shi ne ya turo hoton daga Haɗeja, shi da ta bar wa amanar gyaran gidanta. Wai fentin tsakar gida yake nuna mata. Fentin ma abin tir ne, ruwan hoda, sai ka ce shagon kitso. Amma ba shi ya tsinka mata zuciya ba. A can gefen hoton, a bakin lungun da ke bayan ɗakinta, ga diga a jingine, ga baro cike da ɗanyar ƙasa.

A ɗaga daɓen falo saboda ruwan da ya shigar mata bara, a yi mata banɗaki a cikin ɗaki saboda ciwon gwiwa, a yi fenti, duk ta ji ta yarda tunda Zulfa ta nace. Sharaɗi ɗaya tak ta kafa wa Usaini ranar da za ta tafi: bayan ɗakinta a bar shi yadda yake. Ya ce saboda me, ta ce haka dai.

Shekara talatin da tara ke nan, da damina irin wannan, cikinta na fari ya zo babu rai. Ruwa ya datse hanyar maƙabarta a lokacin, sai uwar mijinta, 'Yar'azumi, ta naɗe shi a farin ƙyalle, mijinta Malam Bakari ya haƙa a bayan ɗaki, domin nan ne tudun gidan, inda ruwa ba ya kwanciya. Suka fasa tukunya suka rufa a kai, suka mayar da ƙasa. Su biyun duk sun rasu. Ita kuwa Barira goyon Fulanin Guri ce, inda mace ba ta kama sunan ɗanta na fari ko yana raye yana yawo a gabanta, balle wanda bai zo da numfashi ba. Ba ta taɓa buɗe baki ta gaya wa kowa ba. Kowa ya ɗauka Zulfa ce ta fari, har dangi kan yi mata tsiya wai birni ya cinye mata kunya, tana kiran sunan yarinya gatsal a gaban mutane. Ta sha tsiyar ta yi shiru. Kullum da safe dai takan share lungun da kanta, kuma ko ruwan wanke-wanke ba ta bari a watsa a wurin.

Nan take ta buga wa Usaini waya.

“Usaini, me diga ke yi a bayan ɗakina?”

“Adda, ke dai ki ci hutunki. Aiki na tafiya, sai kin zo kin gani.”

“Na ce a bar wurin nan.”

“To, to, Adda. Ba na jin ki sosai.”

Ƙarya yake, ras yake jin ta. Magana ɗaya ta rage ta faɗa, ta zo mata har maƙogwaro. Ta ɗaga ido, ga suruki yana mata murmushi, ga 'ya ta zuba mata ido. Ta kashe wayar ta ce rana ce ta dame ta. Washegari ta kulle kanta a ɗaki ta kira shi ya fi a ƙirga, bawan Allahn nan bai ɗaga ba.

Daga filin jirgin Kano ta ɗauki shatar mota. Tun da suka wuce Gujungu ruwa ke bin su hagu da dama, gonakin shinkafa sun nutse sai kan ganye, masunta na tura kwalekwale a inda a watan jiya shanu ke kiwo. Direban mai surutu ne, yana so ya ji labarin Masar, wai da gaske ne can ba a ɗauke wuta. Ta ce masa e, ta juya fuska. Da suka wuce Kaugama ta sake kiran Usaini, ya ɗaga da murnarsa, ya ce yana gida yana jiran ta, ya katse kafin ta yi tambaya.

Ana kiran la'asar suka tsaya a ƙofar gida. Tun daga zaure wari ya tare ta. Kai, wannan ba gida ba ne, juji ne! Buhunan siminti sun toshe rabin hanya, ledojin ruwa birjik ko'ina, ƙayar kifi da ƙudaje a kan tabarmar sallarta. Katifarta an jingine ta a waje an rufa mata wata yagaggiyar leda, ta sha ruwan sama har ta fara fitar da baƙi-baƙi. Babbar tukunyar da take dafa abincin Sallah a ciki, ita aka dama fenti a ciki, an bar shi ya daskare. Wani ƙato kuma, Allah wadaran rashin ta ido, ya wanke gajeren wandonsa ya shanya a kan keken ɗinkinta. Jikin katangar ruwan hodar nan tun ba a je ko'ina ba ta yi zane-zanen fitsari, zarni kamar bayan tasha.

Usaini ya fito daga ƙofar falo yana washe baki, babbar riga fes. Irin mutanen nan ne masu cewa to da baki, hannu na can yana yin abin da ya ga dama.

“Oyoyo Adda! Mutanen Masar! Kar ki dubi tarkacen nan, kwana biyu an kwashe. Zo ki ga falo.”

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta tattare abayarta, ta tsallake kwatar siminti, ta nufi lungu.

Rami ne aka haƙa a wurin, ya fi tsayin mutum. An fara jera bulo a gefensa an tsaya. A ƙasa ruwa ne kore, kwaɗi na iyo a ciki, ledoji na yawo a sama. Warin da ya tare ta tun daga zaure, ashe daga nan yake tasowa. An rushe tsohon masai tun makon farko, leburori kuwa sun samu rami a ɓoye a bayan ɗaki, sai suka mayar da shi nasu. Ta dafe bango ta toshe hanci da mayafi, ƙyama da baƙin ciki suka haɗu suka tokare mata ƙirji.

“Wa ya haƙa wannan?”

Wani mutum mai furfura a gemu ya ajiye cokalin gini ya matso, ya rusuna. Elisha ke nan, maginin da ke jan aikin, haifaffen Haɗeja, ɗan wani malamin makaranta mutumin Filato.

“Sannu da hanya, Hajiya. Ramin sokawe ne, inda ƙazantar sabon banɗaki za ta riƙa taruwa. Wuri biyu muka gwada, kafin mu kai ƙugu ruwa ya ɓullo. Gidan nan kaf, nan ne tudu. Malam Usaini ya ce kin hana, daga baya kuma ya ce a haƙa, zai yi miki bayani.”

“Lungu ne fa, Adda,” in ji Usaini daga bayanta. “Ba shuka, ba komai. Kin ce kina son banɗaki, to ramin a kaina zan ɗora shi? Na tambaye ki dalili kin ce haka dai. Ana gini da haka dai?”

Da a ce yaro ne da ta kwaɗa masa mari. Ta bar shi, ta dubi magini.

“Da kuna haƙa, me kuka gani?”

“Babu komai, Hajiya. Sai tsingaron wata tsohuwar tukunya, ba nisa da sama, a jere kamar an shirya su. Na nuna wa Malam Usaini, ya ce tarkacen tsofaffi ne.”

“Har muka yi ta tsokanar leburori ko zinariya suka tono,” Usaini ya faɗa yana dariya.

Barira ta waiga hagu, ta waiga dama. Rami mai wannan zurfi, ai ƙasarsa tsibi ce. Babu tsibi a lungun, babu a tsakar gida. In ƙasar na nan, ko da rariya ce za ta zauna ta tankaɗe ta, ta tattara abin da ta samu ta kai inda ya kamata.

“Ina ƙasar da kuka fitar?”

Nan fa Usaini ya gyara tsayuwa, an zo wurin da zai nuna gwaninta. Ya ce ai ita ba ta san halin da ake ciki ba, tana can tana shan iskar kogi. Da damina a Haɗeja wa ke zubar da busasshiyar ƙasa? Tifa ba ta iya shiga fadama, duk inda ake ɗibar ƙasar ciko ya zama tafki, masu gini har rigima suke a kan baro ɗaya. Su kuwa ga ƙasar tudu a cikin gida. Da ita aka yi cikon falo, aka daddaɓe, aka zuba kankare, aka shimfiɗa tayil.

“Ko ƙwaya ba mu yar ba. Zo ki gani, don Allah.”

Ya wuce gaba ya tura ƙofar falo. Wurin nan kaɗai ne mai tsabta a gidan. An ɗaga daɓen ya kai matakala biyu, farin tayil na ta sheƙi daga ƙofa har bango, an goge shi tas saboda zuwanta. Ta tsaya a matakalar farko, ƙafarta ta ƙi ɗaguwa.

Elisha ne ya fara ganewa. A garin nan ya tashi, ya sha ganin abin da ake rufewa da fasasshiyar tukunya, tun ranar da ya ga tsingaron ma abin ya tsaya masa a rai. Ya dubi fuskarta, ya cire hularsa a hankali.

“Hajiya, akwai wani a wurin nan?”

Ta so ta tsine wa Usaini, ta so ta kori kowa da tsintsiya, amma duk ƙyamar da ta kwaso tun daga zaure sai ta juyo kanta. Leburori ba su sani ba. Magini ya tambaya. Shi wancan shashashan ma ya tambaya, sau ɗaya, a ƙofar gidan nan, ta ce masa haka dai. Shekara talatin da tara tana sharar wuri da tsintsiya, ta kasa tsare shi da baki. Tir da wannan kunya, ta faɗa a ranta, tir da ni.

“Wane gefe kuka zuba?” ta tambaya.

“Ba gefe, Hajiya. Baje ta muka yi, daga ƙofa har bango. Tsingaron ma yana ciki.”

Dariyar Usaini ta ɗauke. Ya dubi magini, ya dubi hular da ke hannunsa, ya dubi yayarsa.

“Inna lillahi. Adda, me ake cewa ne? In wani abu ne a fasa! Elisha, kira yaranka, yanzu a fasa tayil ɗin nan!”

“Ko an fasa, Malam,” Elisha ya ce a hankali, “mun haɗa ta da yashi, mun daka ta da ruwa kwana biyu.”

“A fasa a nemo me?” in ji Barira.

Ta sunkuya da ƙyar saboda gwiwa, ta zare takalmanta ta ajiye a matakala. Ta daɗe tana neman inda za ta sa ƙafa, babu inda ya fi wani. Ta yi bisimilla ta shiga. Tayil ɗin da sanyi. Ta taka a hankali har tsakiyar falon, ta zauna a ƙasa da abayar tafiyarta, ba tabarma ba komai, ta shimfiɗa tafin hannunta a kan daɓen.

Usaini ya hau matakala ɗaya ya tsaya, ya riƙe ƙyauren da hannu biyu.

“Adda, don girman Allah, wane ne?”

“Yayan Zulfa ne,” ta ce. “Namiji ne.”

Usaini bai iya shigowa ba.