Jirgin da Ya Raba Merilus da Antenor

"Ni ba zan shiga ba," in ji Merilus. Yana tsaye a ƙofar gidan maƙwabcinsa Antenor, da kwanon miyar kabewa a hannu. "Karɓi ki kai masa."

"Kai masa da kanka," Jesula matar Antenor ta ce. "Asibiti sun sallamo shi, ko magani ba su rubuta ba. Ka dai gane."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu a unguwar Bel-Air ta babban birnin Haiti, kuma tare suka yi furfura. Amma tun ranar da aka wayi gari jirgi ya fice da shugaban ƙasa, ko gaisuwa ba ta ƙara haɗa su ba. Antenor ya ce Turawa ne suka sace shi. Merilus kuwa, da 'yan daban gwamnati suka karya wa ɗansa ƙafa a zanga-zangar ɗalibai, ya ce mutanen Haiti ne suka kore shi da kansu. Antenor ya kira shi karen Turawa a bainar jama'a.

Daga ƙarshe Merilus ya shiga, ya sami Antenor kwance a gindin taga, ya rame har zobensa ya koma babban yatsa.

"A'a, wa nake gani?" in ji Antenor. "Mai korar shugabanni da kansa!"

"Sha miya, tsoho, ka rage surutu."

Ya kurɓi cokali biyu, tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya riƙo hannun rigar Merilus.

"Abin da aka yi wa yaronka bai kyautu ba. Tun a lokacin ya kamata in faɗa. Amma tsakaninka da Allah, jirgin nan na wane ne?"

Merilus ya daɗe da sanin amsar: jirgin na Turawa ne. Mutanen Haiti ne suka cika titi, su aka buga, amma ba da su aka yanke shawarar ranar tafiyar ba. Maganar ta zo masa har baki, sai tsohon haushin ya danne ta.

"Ka huta tukuna. Gobe na ba ka amsa."

"Ƙarya kake, ba ka da ita," in ji Antenor, yana dariya a wahale.

Washegari da hantsi Merilus na aske gemu, yana jera kalmomin da zai faɗa, ya ji kururuwar Jesula ta ƙetaro katanga. Ya tsaya da kumfa a fuska, ya kasa ajiye rezar.

Ranar jana'iza shi ya kama akwatin ta wajen kai. A kwanar coci suka yi kiciɓis da motar sojojin waje, ta tare rabin titin. Wani soja matashi ya cire hular kwanonsa, ya yi musu alama da hannu su wuce. Merilus ya gyara riƙo, suka raɓa ta gefen kwata, akwatin a karkace.