Zanen Goyon Ciyaman

Yaya ta danne murfin kwali na huɗu da gwiwa, ta zagaye shi da salatif, ta rubuta "takalma" a gefensa. Tun da hantsi ta kasa kayan ƙanwarta kashi uku a tsakar ɗaki: na tafiya gidan miji, na kyautarwa, da na tsumma. Jibi ne bikin, kuma garin da za a kai amarya tafiyar yini guda ce a mota.

Amaryar, wadda kowa ke kira Auta, tana zaune a bakin gado tana kallon yadda ake yanke wa kayanta hukunci. Cewa aka yi ta zo ta yi wata biyu a gidan, lokacin da hutun haihuwar Yaya ya ƙare, kafin a samu mai reno. Ba a samu mai renon ba, ba a ma ƙara nema ba. Wata biyu ya zama shekara biyu.

Yaron da aka zo reno yana cikin wani kwali yana tuƙa mota da baki. Ciyaman ake ce masa, don ba a zartar da komai a gidan sai da amincewarsa. Auta yake kira Tata. Uwarsa kuwa Yaya yake ce mata, yadda ya ji Auta na faɗa. Da farko abin dariya ne, har baƙi ake kira masa ya maimaita. Kwanan nan Yaya ta daina dariyar.

"Yaya, ki bar sauran, in na dawo daga wajen tela sai in ƙarasa," in ji Auta.

"Ki ƙarasa? Ke da kika kwana uku kina ninke riga ɗaya? Tashi ki tafi. Daga wajen tela ki wuce gyaran kai, kuma kada ki kira ni. Yau ni da shi ne. Gara ya fara sabawa tun kina nan."

"To. In ya ci abinci, wajen ƙarfe ɗaya zai nemi barci. Sai ki ɗauko masa..."

"Auta, ni fa na haife shi."

Auta ta miƙe. Ta ɗauki jakarta, ta riƙe takalmanta a hannu, ta bi jikin bango ta fice kamar ɓarauniya. Ciyaman yana can yana danna hon, bai ma ɗago ba.

Shekara tara Yaya tana aikin nas a sashen rigakafin yara. Kafin azahar takan yi wa yara sittin allura. Yaran unguwa in sun hango ta cikin fararen kaya, a guje suke shigewa gida. Takan fita Ciyaman bai tashi ba, ta dawo an yi masa wanka yana gyangyaɗi. Hutun mako guda ta ɗauka, ta ce wa kowa don biki ne. Gaskiyar ita ce don yaron ta ɗauka. So take kafin Auta ta shiga mota, ɗanta ya yarda ya yi barci a bayanta ko sau ɗaya.

Daga falo mai fenti ya yi gyaran murya. Dattijo ne, tun jiya yake shafe bangon saboda baƙin da za su cika gidan.

"'Yata, ko akwai wani tsumma? Nawa ya jiƙe sharkaf."

"Akwai, Baba, har da na kyauta."

Ta juya za ta ɗiba daga kashi na uku, sai idonta ya kai bayan ƙofa. Wani koren zane ne rataye a ƙusa, ya koɗe har ba a gane zanen furen da ke jikinsa, ga hujin ƙunar dutsen guga kusa da baki. Ta ɗaga shi da yatsu biyu, ta yi tsaki. Amarya guda da wannan? Ai sai dangin miji su ce daga bola aka ɗauko ta. Ta dunƙule shi ta miƙa wa mai fenti.

Safiyar ta tafi lafiya lau, in dai ba a lissafa ɓarna ba. Mai hayar kujeru ya kira, ya ce ɗari biyu aka ce masa, ita kuma ta san ɗari uku ta ce. Tana cikin gyara masa zance Ciyaman ya zuba ragowar katunan gayyata a bokitin wanki, ya tsaya yana juya su da ludayi. Wani kawunsu ya kira karo na uku yana tambayar kwatancen wurin taro. Kafin ta gama kwatance, takalmin amarya ƙafa ɗaya ya ɓace. A cikin firji ta same shi, kusa da madara.

Ta zaunar da Ciyaman a cinyarta, tana ba shi ayaba.

"Ce Mama."

"Yaya."

"A'a. Ma-ma."

Ya dube ta yadda ake duban wanda ya manta sunansa. Ya dafa ƙirjinta da hannu mai danƙon ayaba, ya gyara mata a hankali: "Yaya."

Ƙarfe ɗaya saura ya ci shinkafarsa, rabi a ciki rabi a ƙasa. Ya fara murza ido. Ya sauka daga kujera, ya taka har ɗakin Auta, ya tura ƙofa ya leƙa bayanta, ya ɗaga kai.

"Bubu."

"Me kake so? Ruwa?"

"Bubu."

Ta ba shi kofinsa, ya ture. Ta ba shi ƙwallo, ya yi jifa da ita. Ta ba shi biskit, ya karɓa, ya duba, ya jefa a kwalin da bai rufu ba. Sai ya waiga dama da hagu, kamar yanzu ne ya lura ɗakin ya canza, gado babu zanen gado, durowa a wangale.

"Tata?"

"Tata ta je unguwa. Zo in goya ka."

Nan fa aka buɗe taro. Kukan Ciyaman ba na wasa ba ne, yakan ja numfashi ne har sai ka ɗauka ya fasa, sannan ya sako shi gaba ɗaya. Yaya ta ɗauko sabon zanenta mai ƙarfi, ta sunkuya, ta cilla shi baya ta ɗaure tam. Ya banƙare, ya dinga dukan ƙugunta da diddige, yana jan ɗankwalinta har ya tuje. Ta yi zirga-zirga daga ɗaki zuwa kicin. Ta jijjiga shi, ta bubbuga, ta yi masa waƙar da take jin iyaye na yi a layin allura, sai ta tarar baiti ɗaya kawai ta iya. Ta sauke shi, ta taɓa goshinsa, ta duba kunnensa da cikinsa. Lafiyarsa ƙalau, ita ce dai ba ya so.

A asibiti in yaro ya tsala ihu, miƙa wa uwarsa take yi ta ce, "Lallashe shi. Na gaba!" Yau ta waiga, babu wadda za ta miƙa wa.

Minti arba'in ana abu ɗaya. Muryarsa ta fara dishewa, majina da hawaye sun haɗe, yana maƙale da ƙofar ɗakin Auta. In ta miƙa hannu sai ya ja da baya yana kallonta, irin kallon da yaran layin allura ke yi mata. Wannan kallon ne ya tsorata ta, ba kukan ba. Jibi war haka Auta tana hanya, kuma ba unguwa za ta je ba.

Ta ɗauki waya. Sunan Auta ne a sama. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta wuce shi ta kira mijinta, wanda ya tafi tasha tarbar baƙi.

"Maman Ciyaman, lafiya? Kai, wannan ihun fa? Har nan nake jin sa."

"Mene ne bubu?"

"Me?"

"Bubu. Tun ɗazu yake cewa bubu."

"Au! Zanen nan ne mana, kore, na bayan ƙofar Auta. Ai ba ya barci sai da shi. Ki goya shi da shi, minti biyar ya isa."

"Kai ka san da haka?"

"Wa bai sani ba? Har maƙwabta sun sani. Ran da aka wanke shi bai bushe ba, ai da fanka muka..." Ya tsaya. Da alama ya tuna ran nan tana wajen aiki. "Kuma in barci ya fara ɗibarsa zai kira Tata sau ɗaya ko biyu. Sai an amsa masa. In bai ji an amsa ba, to an koma farko. Kina ji na?"

"Ina ji."

Ta kashe wayar. Ta saɓi yaron yana wutsil-wutsil ta nufi falo.

Mai fenti yana saman tsani. Ta hango koren abu a bakin bokitinsa, ya sha farin fenti da kananzir har ya ƙame.

"Baba, tsumman nan da na ba ka ɗazu..."

"Ya yi mini amfani, Allah ya yi albarka. Yana shan fenti sosai."

"Na yaron ne. Ban sani ba."

Ba ta yi niyyar faɗin ƙarshen maganar ba, fitowa ta yi da kanta. Dattijon ya dube ta, ya dubi yaron, ya sauko a hankali yana riƙe ƙugu.

"Ashsha. To Allah ya taimake ki, biyu na raba shi. Rabin na rufa wa talabijin." Ya yaye shi ya kakkaɓe. Ɗigon fenti biyu ne kawai a jiki. "Ungo. Jikata ma haka ta yi da wata tsohuwar hular ubanta, har makaranta da ita ta shiga. Ai sabo ake wa kuka, 'yata."

Ta karɓa ta yi godiya ba tare da ta haɗa ido da shi ba.

A ɗakin Auta ta miƙa wa Ciyaman guntun zanen. Ya tsagaita, yana ajiyar zuciya. Ya karɓa da hannu biyu, ya jujjuya shi yana bin bakinsa da yatsa kamar mai neman wani abu, fuskarsa ta fara yamutsewa. Can ya kai ga hujin nan na ƙunar dutsen guga. Ya zura ɗan yatsansa ciki, ya kai zanen hanci. Shi ke nan.

Yaya ta dubi hujin. Saboda shi ta yanke wa zanen hukuncin tsumma.

Guntun bai isa ya zagaye ta ba. Ta shimfiɗa shi a gadon bayanta, ta ɗora yaron a kai, ta ɗaure su duka da sabon zanenta. Wannan karon bai banƙare ba. Ya kwantar da kunci a tsakanin kafaɗunta, jikinsa da zafi, yana sauke numfashi da guntun shessheƙa. Ta fara takawa a hankali tsakanin kwalaye, daga taga zuwa durowa, daga durowa zuwa taga. A madubin durowar take ganin ƙeyarsa da ɗan yatsan nan a cikin huji. Wayarta ta yi ƙara a kan gado, mai kujeru ne. Ta kife ta da ƙafa. Nauyinsa ya fara ƙaruwa a bayanta. Ba ta san yaron da barci ke ɗiba yana ƙara nauyi haka ba.

A zagaye na goma sha wani abu ta ɗago kai, ta ga Auta a cikin madubin. Tana tsaye a bakin ƙofa, rigar amarci a cikin leda saɓe a hannu ɗaya, takalmanta a ɗaya hannun. Kanta yana nan yadda ta fita da shi, ba ta je gyaran ba. Idonta ya sauka kan ƙusar bayan ƙofa, ya koma kan yagaggen bakin koren zanen da ke leƙowa ta kafaɗar yayarta. Yaya ba ta juyo ba.

Ciyaman ya motsa. Ido a rufe, murya a dishe, ya ce, "Tata."

Bakin Auta ya buɗe da kansa, shekara biyu yana wannan aikin. Sai ta kai ledar rigar ta toshe shi, ta ja baya taku ɗaya zuwa inda ba za a ji numfashinta ba.

Yaron ya ɗan ɗago kai. Yatsunsa suka ƙanƙame zanen.

"Tata?"

Yaya ta kai hannu baya ta tallafe shi, ta ci gaba da takawa.

"Na'am," ta ce. "Ga ni nan."