Ranar Da Kek Ɗin Umma Ya Yi Ɗaci

Kek Umma take gasawa a gida tana kai wa shaguna uku na bakin titi. Tun da 'yarta ta iya tsayuwa, lashe robar kwaɓi aikinta ne. Da ta ji ƙamshin banila za ta jawo 'yar kujerarta ta ɗare, ta sa haɓa a kan tebur tana jira. Shekararta huɗu, Tsigi ake ce mata saboda ƙanƙanta.

Sai ga ciwon suga ya kama yarinyar. Kwana tara suka yi a asibiti. Likita ya ce yanzu kome za ta ci sai an auna, ga allura safe da yamma.

Allurar ba ta gagari uwar ba. Robar ce ta gagare ta. Ta hana, ta lallasa, ta rufe ƙofar kicin, Tsigi ta kwanta a bakin ƙofar tana shaƙar ƙamshi ta ƙasa. Shekaranjiya kuwa, fitar da ta yi amsa sallama, ta dawo ta tarar da yarinyar a bayan firji, kwaɓi har gira. Ran nan da ta auna jinin yarinyar, ta tarar sugan ya hau sosai.

Yau Goggo, yayar mijinta, tana zaune tana fasa mata ƙwai.

"Ki daina gashin mana. Kin sa kura gadin nama, kina mamaki."

"In daina, Yaya, allurar daga sama za ta faɗo?"

Uwar ta juye kwaɓin a gwangwanaye ta tura cikin obin ɗin gashi. Ta dubi robar, ta dubi kwalbar banila. Duk mai wannan sana'a ya san banila hanci kawai take yi wa daɗi, zallarta a harshe ɗaci ne kamar maɗaci. Ta ɗauki cokali mai tsabta, ta goga masa fulawa da ruwa, ta tsiyaya banila sosai a kai.

"Ke! Me za ki yi?"

Uwar ta ajiye kwalbar. Ta buɗe ƙofa.

"Tsigi, zo ki lasa."

Yarinyar ta shigo a guje, takalmi ƙafa ɗaya. "Da gaske, Umma? Na warke?"

"Lasa dai."

Ta buɗe baki ta kame cokalin gaba ɗaya. Fuskarta ta yamutse, ta tofar, ta goge harshe da gefen rigarta. Ta leƙa robar, ta ɗago ta kalli uwarta.

"Haka yake yanzu?"

"Haka yake yanzu."

"Kullum?"

"Kullum."

Goggo ta kau da kai, ta shiga tattara ɓawon ƙwai.

Uwar ta shirya wa kuka da birgima. Ko ɗaya ba a yi ba. Tsigi ta tsaya tana nazari, sai ta matso ta dafa mata gwiwa, yadda ita uwar take dafa ta in za a yi allura.

"Umma, kin manta yadda ake yi ne?"

Uwar ta dube ta. Ta gyaɗa kai.

"Ba kome. Kar ki yi kuka." Ta rage murya, ta saci kallon Goggo. "Ba zan gaya wa masu shago ba."

Ta fita tsakar gida neman ɗaya takalmin.

"To, dabara ta ci," in ji Goggo a hankali.

"Ta ci, Yaya."

Ta durƙusa a gaban obin kamar mai duba wuta, ta daɗe ba ta miƙe ba.